Yadda ake zaɓen aikin gayyar da ba zai mutu ba bayan an watse taro

Shekarun baya ƙungiyar samarin unguwarmu a nan Garwa, a arewacin Kamaru, ta yanke shawarar dasa itatuwa a bakin hanyar da ta tashi daga masallaci zuwa makarantar firamare. Muka sayo dashen dogon yaro 120, muka ɗinka riguna iri ɗaya, aka kira mai hoto. Watan Oktoba ne, damina ta riga ta ɗauke ƙafa. Babu wanda ya ɗauko zancen ban-ruwa, balle na kariya. Kafin hunturu ya fita awaki sun ci rabonsu, zafin Maris da Afrilu ya ƙarasa sauran. Guda bakwai suka tsira, dukansu a ƙofar gidajen da wata tsohuwa ko wani yaro ke zuba musu ruwan alwala da na wanke-wanke. Rigar dai har yau ina da tawa.

Bakwai ɗin nan su suka koya mini abin da zan shimfiɗa a nan: duk aikin da ya rayu yana da mai shi, mutum mai suna da ƙofar gida, wanda zai ji ciwo in abin ya lalace. Don haka duk matakan da ke tafe suna zagaye ne a kan tambaya guda. Ranar da abin nan ya lalace, wa zai gyara, kuma da kuɗin wa?

Mataki na farko: ku fara ƙirga gawarwaki

Kafin a zauna ana jera buri, ku ware Asabar guda, mutum uku ko huɗu, ku zaga unguwa da littafi. Ku rubuta duk wani aikin jama'a da aka taɓa yi ya tsaya: famfon tuƙa-tuƙa da aka ɗaure wa hannu da waya, injin niƙan da ya zama wurin kwanan kaji, bayan-gidan kasuwa da aka sa wa kwaɗo, fitilar sola da batirinta ya mutu. A kan kowanne ku yi tambaya uku ga maƙwabtansa: wa ya kawo, yaushe ya tsaya, me ya tsayar da shi.

Amsar ta ukun ce mai daraja. Sau da yawa za ku ji abin da ya kashe aikin miliyoyi bai taka kara ya karya ba: roba ce ta cinye, sarƙa ce ta tsinke, ko ma'aji ne ya tafi Duwala da littafin kuɗi a aljihu. In kun samu famfo biyu matattu a unguwa, to haƙa na uku ba shi ne maganin ba. Tayar da guda daga cikin biyun ya fi arha nesa ba kusa ba, sai dai ba shi da bikin yanke ƙyalle, shi ya sa masu son suna ba sa waiwayarsa.

Mataki na biyu: ku tambayi masu ɗaukar jarka

Taron ƙofar gidan jauro, wato mai unguwa, bayan La'asar na maza ne, kuma manya ne ke magana. Ba laifi, a fara da su, amma kada a tsaya nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wadda ke tashi da asuba ta bi layin ruwa, da yaron da ke tura kurar jarkoki, da ungozoma, da malamin allo, da mai tallan ƙosai da ruwan kwata ke bi ta gaban kaskonta, su ne za su faɗa muku gaskiyar abin da ke ci wa unguwa tuwo a ƙwarya.

Mata sai ku tura musu mata. Ranar zubin adashe ko bayan karatun Islamiyya ta fi dacewa, don an riga an taru. Kada a ce musu "me kuke so?", don kowa zai ce asibiti da kwalta. A tambaye su me ya fi cinye musu lokaci da kuɗi a satin da ya wuce, kuma me suka riga suke biya a kai. Mu mun shiga da zancen fitilun titi a baki, sai wata dattijuwa ta dube ni ta ce, "Ɗana, duhu bai taɓa hana ni barci ba. Ruwan da ke shigo mini ɗaki duk watan Agusta shi ke hana ni." Daga nan zancen ya koma kan lambatu.

Kuma garuruwanmu ba na ƙabila ɗaya ba ne. Ga Fulani, ga Hausawa, ga Barebari, ga Shuwa, ga Gizga, Tupuri, Mundang, Mafa da sauransu, ga masallaci ga coci. Aikin da aka tsara da Hausa zalla a zauren Sarkin Hausawa, gobe za a ce "famfon Hausawa ne", ranar karo-karo kowa ya noƙe. Ku sa mai fassara zuwa Fulatanci da Faransanci tun zaman farko.

Mataki na uku: lissafin ciyarwa kafin lissafin gini

Nan ne zan daɗe, don nan ake faɗuwa. Kowane aiki kamar dabba yake, sayenta daban, ciyar da ita daban. Mutanenmu sun iya tara kuɗin saye: a yi gidauniya, 'yan unguwa da ke Yawunde da Injamena su turo ta Orange Money ko MoMo, wani Alhaji ya cika. Abin da ba mu iya ba shi ne sefa 500 ɗin wata-wata har shekara goma.

Ku ɗauki takarda ku raba ta biyu. Gefe guda ku rubuta duk abin da aikin zai ci a shekara: kayan gyara, ladan makaniki da kuɗin babur ɗinsa, ɗan alherin mai tsaro, da wani kaso da za a ajiye don babban gyaran da ke zuwa bayan shekaru. Kada ku ƙiyasta farashi a zaune, ku je wurin mai gyara da mai shagon kayan ku tambaya. Ɗaya gefen ku rubuta abin da zai shigo, amma da idon gaskiya. A ce gida 80 ne za su amfana, kowane gida sefa 500 a wata. A takarda 480,000 ke nan a shekara. To ku cire waɗanda ba za su iya ba da waɗanda ba za su ga dama ba, ku bar 50. Ku cire watanni huɗu na damina da kowa ke tarar ruwan sama, ku bar takwas. Ya koma 200,000. Da wannan adadin za ku yi aiki, ba da na farkon ba. In bai rufe gefen kashewa ba, ku rage girman aikin ko ku sauya shi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Wasu unguwanni sun fi son a biya a bakin famfo, dala biyar ko goma a jarka, maimakon wata-wata. Wannan ya fi tara kuɗi, amma sai an sa mutum ya zauna, kuma shi ma ciki gare shi. Ko wace hanya kuka bi, ku fitar da sunayen gajiyayyu da zawarawan da aka yafe wa a bainar jama'a tun farko, kada ya zama alfarmar ɓoye.

Mataki na huɗu: ku auna ayyukan da aka saba kawowa

Ruwa shi ke zuwa farko kusan ko'ina, kuma shi ya fi kowanne tarko. Ƙasar ba iri ɗaya ba ce. A kwarin Logone da kewayen Injamena ƙasa mai laushi ce, har da hannu ake haƙa burtsatse. A duwatsun Mandara, wajen Mokolo da Mora, dutse ne a ƙasa, ana iya huda rami mai zurfi a tashi a tutar babu. Saboda haka yarjejeniyarku da mai haƙa ta fayyace wa zai ɗauki asara in ba a samu ruwa ba. Rijiyar hannu kuwa a haƙa ta a ƙarshen rani, Afrilu zuwa Mayu, lokacin da ruwan ƙasa ya yi iyakar ja da baya. Wadda aka haƙa a Nuwamba takan yaudari masu ita. A nisanta ta da masai aƙalla mita 30, duk wanda ya ga kwalarar 2010 a jihar Arewa Mai Nisa ba sai an yi masa dogon bayani ba. A kuma kai ruwan a gwada kafin a fara sha. A kwarin kogin Mayo Tsanaga, wajen Meri, akwai wuraren da sinadarin fuloraid ya yi wa ruwan ƙasa yawa, shi ke rina haƙoran yara ya ɓata su, kuma ido ba ya ganinsa a kofi.

Sai zaɓen kan famfo. Biyu ne suka fi yawa a wajenmu: India Mark II mai hannu, da Vergnet wanda ake takawa da ƙafa. Na farkon in robar can ƙasa ta cinye sai an zaro bututun gaba ɗaya, aikin makaniki ne da mataimaka. Na biyun yawancin abin da ke saurin cinyewa a sama yake, mai tsaro da aka koya wa zai iya sauyawa. Amma kada wannan ya yanke muku hukunci. Ku zaɓi wanda kayansa ke shago mafi kusa da ku, wanda kuma makanikin yankinku ya sani. In ruwan wurin mai cin ƙarfe ne, ku dage a sa bututun roba ko ƙarfen da ba ya tsatsa, in ba haka ba cikin 'yan shekaru ruwa ya koma ja, mata su gudu su bar shi. Burtsatse mai sola da tanki abin sha'awa ne, ba tuƙi ba layi mai tsawo, sai dai ranar da injin ƙasa ya ƙone ba kuɗin adashe ne zai saye shi ba, kuma faifan sola na son mai gadi.

Itatuwa ba su da tsada, shi ya sa ake raina hidimarsu. Marwa ba ta samu inuwar dogon yaron da take tinƙaho da ita a banza ba, shuka aka yi aka kula, kuma tun shekarun 1970 gwamnati ke da shirin Sahel Vert, wanda aka sake tayarwa a 2008. In za ku dasa, ku jira ruwa ya zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Kowane dashe a yi masa kariya ta ƙaya ko tubali a ranar, ba gobe ba. Kowane dashe a rubuta sunan gidan da ya karɓe shi, don sai an shayar da shi rani na farko, wani lokaci har na biyu. Talatin masu iyaye sun fi ɗari uku marayu. A gonaki kuwa akwai hanyar da ta fi dashe sauƙi, wadda manoman Maraɗi suka yaɗa tun shekarun 1980 suna kiranta sassaben zamani: ba a shuka komai, kututturen da ke tohowa da kansa ake zaɓa, a bar masa reshe biyu ko uku masu ƙarfi a sare sauran. Saiwarsa ta riga ta yi zurfi, ba ya neman ban-ruwa. Gawo ya fi dacewa da wannan, tunda da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa dawa inuwa.

Rumbun tsimi, wato a sayi dawa ko masara da kaka a sayar wa 'yan unguwa da rangwame a Yuli da Agusta, dabara ce mai kyau wadda abu biyu ke kashewa: ƙwari da bashi. Ƙwari suna da magani. Buhun nan mai ciki uku da ake ajiye wake ba tare da guba ba, a Marwa aka fara gwajin dabararsa, tsakanin masu binciken noma na Kamaru da jami'ar Purdue ta Amurka. Bashi shi ne ba shi da magani. Ranar da kawunka ya zo ya ce a ba shi tiya biyar zuwa kaka, da wane baki za ka hana? In ba za ku iya kafa dokar kuɗi hannu ku tsaya a kanta ba, ku bar wannan aikin. Kuma rangwamen kada ya kai ga cin uwar kuɗi.

Ajin makaranta da ɗakin shan magani, a taƙaice: gini ba ya koyarwa, ba ya allura. A ƙauyukanmu da yawa iyaye ne ke biyan malami daga aljihunsu, haka ma a Chadi. In babu tabbacin malami ko ma'aikacin jinya da albashinsa, gara ku gyara rufin ajin da ake da shi, ku yi benci, ku gina bayan-gida na 'yan mata daban.

Yashe lambatu shi ne aikin da na fi yabawa ga sabuwar ƙungiya. Shebur, baro, manjagara, safar hannu, takalmin roba, sai ƙarfin samari. Ana yinsa a Mayu kafin ruwan farko, a maimaita a tsakiyar damina. Ba zai tare ambaliya irin ta 2012 a Binuwai ko ta 2022 da 2024 a Yagwa da Kuseri ba, wannan ya fi ƙarfin unguwa. Amma ruwan da ledoji ke tarewa ya koma ɗakin tsohuwa, wannan kam kuna iyawa. Sharaɗi guda: ku san inda za a kai abin da aka yaso kafin a fara. In aka tara shi a bakin lambatun, ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito.

Mataki na biyar: ƙasa, sarauta da takarda

Duk abin da za a kafa a ƙasa, a san mai ƙasar. Bawan Allah yakan ba da fili da zuciya ɗaya, ya rasu, magada su zagaye famfon da katanga. A rubuta kyautar, shi da manyan 'ya'yansa su sa hannu, jauro da lawan, wato dagaci, su shaida, a kai ofishin Sufirefe, wakilin gwamnati a gunduma, a buga hatimi. Ba rashin yarda ba ne, ko Alƙur'ani ya ce a rubuta bashi.

Ku bi sarauta daki-daki: jauro, lawan, in aikin babba ne har fadar Lamiɗo. Ku je neman shawara tun abin yana ɗanye, "Ranka ya daɗe, ga abin da yaranka ke tunani", ba ku kai katin gayyata bayan an gama ba. Sannan ku leƙa ofishin magajin gari. Tun 2010 aka miƙa wa ƙananan hukumomi, wato komin, alhakin rijiyoyi da burtsatse a wuraren da bututun gwamnati bai kai ba, kuma dokar raba iko ta Disamba 2019 ta ƙara musu nauyi. Yawancinsu suna da kundin tsarin raya ƙasa da aka rubuta da taimakon PNDP, shirin gwamnati na raya ƙasa tare da jama'a. Ku nemi a duba muku. Wataƙila abin da kuke shirin tara wa kuɗi yana cikin kasafin baɗi, ko kuma hanya za ta bi ta filin da kuka zaɓa.

Ita ƙungiyar a yi mata rajista. A Kamaru doka mai lamba 90/053 ta 19 ga Disamba 1990 ce ke aiki: ana kai takardar sanarwa ofishin Firefe, wato na gaba da Sufirefe, da sunan ƙungiya, manufarta, mazauninta, sunayen shugabanni da sana'o'insu, da kwafi biyu na tsarin mulkinta. In wata biyu suka cika ba a ce komai ba, doka ta ɗauka an amince, amma ku bi sawu ku karɓo rasidinku, don shi banki zai nema. In aikin na saye da sayarwa ne kamar rumbu ko injin niƙa, rajistar GIC, wato ƙungiyar haɗin kan masu sana'a, ko ƙaramar ƙungiyar haɗin gwiwa ta fi dacewa, mutum biyar sun isa a kafa. 'Yan'uwanmu na Chadi su nasu sai an nemi izinin hukuma tukuna.

Mataki na shida: wa zai riƙe kuɗi

Mai karɓa daban, mai ajiya daban, mai rubutu daban. Kada biyu daga cikinsu su fito gida ɗaya. Kuɗi su kwana a asusu mai sa hannun mutum biyu ko uku, ba a lambar wayar shugaba ba. Duk wata a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita, a liƙa a jikin bango inda kowa zai gani, a kuma ɗauki hoton shafin a tura zauren WhatsApp don 'yan ci-rani da suka ba da nasu. A abin da na gani, asusun da mata ke riƙewa ya fi daɗewa, wataƙila don su ne ke komawa rafi in famfo ya tsaya. Kuma a haramta ranta kuɗin gyara, ko don suna, ko don jinya, ko don wa. Ranar da aka buɗe wannan ƙofar ba ta sake rufuwa.

Shugabanci ya zama na wa'adi, shekara biyu ta isa, kuma kowane muƙami a sa masa mataimaki matashi. Samari ba sa zama: wannan ya ci jarrabawa ya tafi jami'ar Ngaundare, wancan ya bi mota Kudu. Sana'ar gyara a koya wa mutum biyu, ɗaya ya zama mai iyali da gona wanda ba ya zuwa ko'ina.

Wata magana a gefe, game da mai kyauta

Wani lokaci zaɓin ba daga gare ku yake fitowa ba. Mai kuɗi ko ɗan siyasa ko wata ƙungiya daga waje ta zo da abinta a hannu: ga injin, ga tanki, ku nuna wuri. Ba a mayar da hannun kyauta baya, amma ana iya lanƙwasa shi. Mun taɓa zama da wani attajirin unguwa da ya so ya gina wa mahaifiyarsa sadaka mai gudana. Limaminmu ya ce masa, "Alhaji, ladan yana gudana ne muddin ruwan yana gudana. Ka rage tsayin tankin, ka ajiye mana na gyaran shekara uku." Ya yi dariya, ya yarda. Da mu samari muka faɗa da ba lalle ya ji ba, don haka ku san bakin da za ku aika. Na ɗan takara kuwa, ku karɓa in ba sharaɗi, amma kada a rubuta sunan jam'iyya a jiki, don rabin unguwa za su daina zubi.

Mataki na ƙarshe: ku gwada kanku da ƙarami

Kafin ku taɓa aikin miliyan, ku fara karɓar zubin wata-wata tun babu komai a ƙasa, wata shida cur. A cikin watannin ku yi aiki guda wanda ba ya cin kuɗi sosai, yashe lambatu ko tayar da matacciyar rijiya. Abin da za ku duba: mutum nawa suka fito a karo na uku, ba na farko ba, kuma gida nawa ke biya a wata na biyar ba tare da an bi su ba. Wannan adadin shi ne ainihin ƙarfinku, da shi za ku koma kan takardar mataki na uku ku sake lissafi.

Ku daidaita da kalandar mutane. Yuni zuwa Satumba kowa na gona. Oktoba masu karal, wato gonakin laka, suna dashen masakwa, dawar rani. Kuɗi na shiga hannu bayan girbi da kuma lokacin da Sodecoton ta biya manoman auduga, nan ne lokacin gidauniya, ba gab da Sallar Layya ko komawar yara makaranta a Satumba ba. Da azumi kuwa aikin ƙarfi sai da sassafe ko a ɗage.

Mu da muka yi namu gwajin, gida 64 suka yi alkawari, 41 suka kai wata na shida. Muka ajiye zancen tanki mai sola, muka tayar da tsohon famfon bayan makaranta, muka sayi robobi da sarƙa na ajiya muka sa a akwati a ɗakin ma'ajiyarmu. Daminar da ta biyo muka sake dasa dogon yaro 25, kowanne da sunan gida a littafi, biyar daga ciki a bakin magudanar famfon inda ruwan da ya zube ke bi.